Tsohuwar da aka bari a tsohuwar lamba

Ni Tanimu, tun da aka haife ni ban taɓa jin tsoro ba. Sai dai kare. Da allura. To, da ranar nan. Nafi'u, matso da fitilar nan kusa, don ku yara ne, ba don ni ba.

Kun san kwalejin da nake kula wa da janareto. Kowace kwamfuta a wurin tana da lambarta, kamar lambar gida, da ita saƙo yake gane ta. To tsoffin lambobin sun yi wa duniya kaɗan, aka fito da sabon tsari, lambobi dogaye kamar igiyar shanya. Injiniya Ramlatu, mai kula da kwamfutocinmu, ta ce duk za mu tashi mu koma sabon.

Lahadi aka yi aikin, don babu kowa. Ni da ita kawai. Ta kwashe duk kwamfutocin ta mai da su sabon tsari, sai lamba guda ta ƙi. Tana amsawa, amma ba a san na'urarta ba.

Ta ce, "Malam Tanimu, bi shuɗiyar wayar nan. Inda ta ƙare, ka zare."

Rana tsaka. Na bi waya har tsohon sito na bayan gini. Waje zafi, ciki sanyi kamar randa. Wata tsohuwa zaune kan matacciyar kwamfuta, ta riƙe wayar a cinya.

"Sannu, Iya."

Bakinta ya motsa. Shiru. Sai da ta rufe bakin muryar ta iso.

"Kun tashi kun bar ni."

Ta ci gaba:

"Ko ruwan zafi za ku zubar, ai kukan ce a kauce. Ni ba wanda ya yi wa sallama. 'Ya'yana sun bazu. Ta wannan lambar suke samuna. Ba kullum ba, amma suna kira."

Na ce, "Iya, ni aiko ni aka yi." Na zare.

Ta ce, "To, ka ɗanɗana."

Na fito. Injiniya na waiwaye tana nemana, ga ni a gabanta. Ta kira wayata, aka ce mata babu wannan lambar. Ta kulle ofis ta tafi.

Na zo gidan nan. Na yi sallama, matata Kande ba ta amsa ba. Na tsaya a gabanta, ta wuce da tsintsiya. A masallaci na shiga sahu, aka matse wurina kamar ba kowa. Mai shayi ya zuba wa na dama da na hagu. Haka na yi kwanaki. Ba duka, ba zagi. Kawai ba mai nemanka. Na zauna a zaure ina kiran sunana da kaina, don kar in manta shi.

Da na gaji, na koma siton. Tana nan, kanta a sunkuye. Na durƙusa na mai da wayar. 'Yar fitila ta kama, koriya. Muka zuba mata ido, ni da ita. Can ta fara ƙiftawa.

"Autana ne," in ji ta. "Ku bar tsohuwar da sabuwar su yi tafiya tare, har yaran su koyi hanya."

Ta miƙo mini tsamiya guda, wadda har yau ba ta bushe ba. Ina fita, Injiniya ta ce, "Ina ka shiga?" Wallahi kamar in yi kuka. Na roƙe ta ta bar biyun tare, ta ce da ma ana yin hakan.

Don haka, kar wanda ya shiga siton nan shi kaɗai. Kuma kar ku zare waya ba ku yi sallama ba.

Nafi'u ya buɗe baki ke nan, muryar Kande ta fito daga ɗaki.

"Kar ku biye masa. Ina ganinsa sarai. Shiru na yi masa, don ya ce Lahadin zai kai ni gaida Inna, ya tafi wajen janaretonsa. Mutumin da ba a gani, wa ke cinye tuwon da nake rufewa?"