Kejin da Ke Ƙarƙashin Saiwa

Ranar jajibirin gasar kamun kifi, da la'asar sakaliya, Lonnie Tackett ya ɗora kayak ɗinsa, ɗan kwale-kwalen roba, a bayan a-kori-kura, ya ce wa matarsa Wanda zai je ya duba yanayin ruwa. Ba ruwa zai duba ba.

Duk shekara mutanen garin kan shiga Rafin Pruitt, kowa cikin ɗan kwale-kwalensa na mutum ɗaya, wanda ya kamo kifin bas mafi girma shi ne gwani. Lonnie kuwa kullum shi ne abin dariya, musamman a bakin Delbert, yayan Wanda.

"Mijin ƙanwata, wannan kifi ne ko ɗan yatsa? Ka ji tsoron Allah ka mayar da shi wurin uwarsa!"

Bana sai Lonnie ya yi dabara. Ya je wani gari mai nisa ya sayo ƙosassun bas wurin mai kiwon kifi, ya zuba su a kejin waya, ya ɗaure kejin ƙarƙashin saiwar wata tsohuwar bishiya, a gurbi mai zurfi inda rafin ya yi kwana. Gobe sai ya ɗago, ya ce yanzu ya kama. Yau so yake kawai ya ga ko suna da rai.

Rana ta faɗa bayan duwatsu kafin ya isa. Kwaɗi na kuka, sauro na yi masa waƙa a kunne, filafilinsa na shiga ruwa cuɓul, cuɓul. Ya laluba ƙarƙashin saiwar, ya kwanto igiyar kejin, ya naɗe ta a wuyan hannunsa.

Kwaɗin suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe ƙofa.

Wani wari ya taso, na taɓon da ya daɗe bai ga rana ba.

Ya waiga. Wani kayak ne ke tahowa, yana hawan ruwa, ba filafili, ba ko motsin igiyar ruwa. Mutumin da ke ciki ya ba shi baya, ya sunkuyar da kai. Ruwa na ɗiga daga malafarsa.

"Sannu da aiki, Lonnie." Raɗa ce, amma kamar a cikin kunnensa aka yi ta. "Ana kamawa?"

Tsoro bai fara zuwa ba. Kunya ce ta riga shi. Ya tura hannunsa mai igiya cikin ruwa don kada a gani.

"Da... da sauƙi. Ina dai zagayawa."

"Me ke hannunka?"

"Ba komai."

Kayak ɗin ya matso har ya gogi nasa. Sanyi ya ratso ta jikin robar. Sai muryar ta canza, ta koma ta mahaifinsa, wanda ya koya masa ɗaura ƙugiya, wanda suka binne tuntuni.

"Ɗana, ɗago mu gani."

Bai so ba. Hannunsa ne ya ja.

Kejin ya fito. Kifayen sun jeru, duk sun fuskanto shi, bakunansu na buɗewa tare, suna rufewa tare.

Mai malafar ya fara juyowa.

Wuyansa kaɗai ke juyawa.

Igiyar ta fizge. Kayak ya kife.

Duhu. Sanyi. Taɓo a baki.

Ana jan sa ƙasa, a hankali, kamar yadda ake jan kifin da ya gaji. Kewaye da shi idanu ne, farare, ba sa ƙiftawa. Ba su taɓa shi ba. Kallonsa kawai suke yi.

Ƙirjinsa ya kusa fashewa. Ya lalubi ƙofar kejin, waya ta yanke shi, ya ɓalle ta. Kifayen suka fice suna marin fuskarsa da jela.

Igiyar ta daina jan sa.

Bai san yadda ya kai gaɓa ba. Fitilar mota ce ta haske shi a bakin hanya, ba takalmi, yana rawar ɗari. Delbert ne, Wanda ta turo shi nema. Ya sauko bakinsa ɗauke da tsiya, sai idonsa ya sauka kan kejin, wanda har yanzu ke reto a hannun Lonnie. Ya dubi kejin, ya dubi Lonnie. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, ya jefa kejin bayan mota, ya rufa masa tamfol.

"Shiga, akwai kofi a gora," kawai ya ce.

Lonnie bai je gasar ba, bai kuma sake shiga rafin ba. Hannun nan nasa har yau warin taɓo yake, sabulu ya gaza. A coci yakan cusa shi a aljihu lokacin gaisawa.

Sai da aka kwana biyu ya iya ba Wanda labari. Ya faɗi na mai malafar, da muryar babansa, da idanun. Keji kaɗai ya tsallake.

Ta juya burodin masara a kasko, ba ta ɗago ba.

"To kejin fa?"

Ya dube ta. "Yaya Delbert ne ya gaya miki?"

"Bai ce mini uffan ba. Tun ranar da ka shigo da shi gareji na gan shi, Lonnie. Jira na yi ta yi in ga ko za ka fasa maguɗin."