Makullin Kububuwa

Auta na goge tebur a falo Abbanta ya faɗo a fusace, ko sallamar kirki babu.

"Yaron nan naki ya kulle min Kububuwa! Wai ya ji ƙara a ƙafarta. Ko ya ba ni makulli yau, ko a fasa auren!"

Kububuwa dai jirgin wasa ne da Abba ke tinƙaho da shi a filin shaƙatawarsa. Taragai ne masu kan maciji, su hau dogon ƙarfe tsayin bene biyar, su sulalo a guje, su kifa mutum kai ƙasa. Injiniya kuwa, wanda aka sa musu rana da Auta, shi ke duba ta kowace safiya.

Auta ta ajiye tsumman goge tebur. Ta san Abba sarai, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Ta suri mayafi ta bi shi.

Suna isa Abba ya ratsa layin jama'a, ya haye taragon gaba, can cikin haƙoran macijin.

"Ni zan fara hawa, kowa ya shaida lafiyarta ƙalau. Miƙo makulli!"

Injiniya ya durƙusa a gabansa. "Ka gafarce ni, Abba. Gara in rasa Auta da in zama ajalinka."

"To ka rasa ta! Kai mai tikiti, ɗauko min na ajiya a ofis!"

Innalillahi! Auta ta ɗaga kai ta dubi ƙololuwar ƙarfen, sai jiri ya kwashe ta. Yarinyar da ko tsani ba ta iya hawa! Amma ta taka, ta zauna kusa da mahaifinta, ta ja bel ta ɗaure.

"Ke! Sauka!"

"Ai ka ce lafiyarta ƙalau, Abba," ta ce, hawaye na zuba shaaa. "Mu tafi tare. Wallahi tsoro nake ji kamar in mutu, amma ba zan sauka ba."

Mai tikiti ya dawo, ya zura makulli, injin ya fara gurnani. Abba ya dubi 'yarsa da ke zaune a gefensa, ya dubi layin 'ya'yan mutane.

"Kashe! Kashe shi na ce!"

Da aka ɗaga taragon, Injiniya ya taɓa sandar da ke riƙe ƙafar, ta ɓalle gida biyu a hannunsa. Abba ya zauna daɓas a ƙasa. Da kyar ya iya cewa, "Yaro, na zalunce ka. Ranarku na nan, ba a ɗaga ba."

Haka haƙuri da gaskiya suke, ɗaci a farko, zaƙi a ƙarshe. Wanda ya yarda ya rasa ki don mahaifinki ya rayu, shi ne mijin aure.