Wanda Ya Shiga da Kwano

Da hantsin Litinin aka kira Sufeto Mas'udu wani gida a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Gana. Gawar tana kan tabarma, kumfa a baki, kwanon wake da shinkafa a gefe, an ci rabi.

Mamacin Imoro Sayibu ne, ɗan Majalisar Yankin Arewa. Shekara goma baya dako yake yi a wannan layi. Ya shiga siyasa, ya bar jam'iyyarsa ya koma ta gwamnati, aka ba shi kujera da mota. Duk zuwansa Ankara nan yake sauka, wai kada a ce ya manta mafari.

Mas'udu bai ji komai a ransa ba. Shekara ashirin yana duba gawa, abin ya daina taɓa shi.

A tsakar gida ya sami Mumuni mai wanki, tsohon Badagombe, yana matse riga.

"Baba, wa ya kai masa abinci?"

"Ban ga fuska ba, ina durƙushe. Ya zo da kwano, ya shiga, ya fito."

Mas'udu ya rubuta da Turanci, ya sa "he": namiji ɗaya ya shiga.

Namijin da ke shiga ɗakin ba sallama shi ne Jamiu, direban mamacin, kuma maƙwabta sun ji Imoro ya kore shi daga aiki ran Lahadi. Jamiu ya ce yana Kotobabi wajen gyaran mota. Makanikin ya ce bai gan shi ba.

Mma Asana, mai sayar da wake da shinkafa a bakin layi, ita ta ciyar da Imoro zamanin dako.

"Mma, abincinki ne?"

"Nawa ne. Ba direba ba ne."

Likita ya ce maganin ɓera ne a cikin abincin. Aka rufe Jamiu. Kwana uku yana rantsuwa, a na biyu haƙoransa biyu suka zube a hannun kurata. In alƙali ya yarda da takardar shaidar Mumuni, igiyar rataya ce.

Ran Alhamis Mas'udu ya koma don Mumuni ya dangwala yatsa a takardar. Tsohon yana ta faɗa da guga.

"Gawayi ya ƙare. Matana ya tafi Maamobi tun safe, bai dawo ba."

Mas'udu ya tsaya da takardar a hannu. Shi a Sabon Zongo ya tashi, gidan da kaka ke murɗe kunnen yaro in ya ce wa mace "shi". A Nima kuwa mace da namiji duk "ya" ne, kuma ya san haka sarai. Gajiya ce ta sa bai tambaya ba.

"Baba, mai kwanon nan. Wando ko zane?"

"Zane mana. Ai ba ka tambaya ba."

Ya koma wurin Jamiu. Sai yanzu direban ya faɗi gaskiya: neman aiki ya je wurin 'yan adawa, yana tsoron a sani.

Mma Asana tana juya tukunya ya iso.

"Mma, ke kika shiga ɗakin."

Ba ta daina juyawa ba.

"Ni ne. Nashiru mijina shi ya koya wa Imoro magana a taro. Da Imoro ya so kujera, 'yan gwamnati suka ce kawo sunayen 'yan adawa. Ya kawo bakwai, Nashiru na farko. Watan jiya suka aiko mini rigarsa daga kurkuku, can ya mutu."

"Imoro ya sani?"

"Ya ce, Mma, a sa mini wake kamar da. Bai yi mini gaisuwa ba."

"Direban fa? Rataye shi za a yi."

"Na yi tunaninsa. Ban ji komai ba, Sufeto. Tun rigar nan ba na jin komai."

Ta sauke tukunyar, ta yayyafa wa wutar ruwa, ta bi kurtun da ya rako Sufeto zuwa mota.

A ofis aka fito da Jamiu, bakinsa a kumbure, ya wuce bai dubi kowa ba. Mas'udu ya jawo takardar Mumuni, ya nemo "he" ɗin da ya rubuta ran Litinin, ya ƙara harafi ɗaya a farkonsa ya zama "she", namiji ya koma mace.