Doki Huɗu a Ƙarƙashin Jar Mota

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka kawo ƙarar, daidai lokacin da Sufeto ke fama da ciwon haƙori da fayil biyar da suka ƙi gaba suka ƙi baya.

Mai ƙarar likita ce, amma ta yara, ba ta haƙori ba, abin da ya ƙara wa Sufeto haushi. Mijinta na biye da ita, dogo mai tabarau, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"An sace mini matatar hayaƙi," in ji Likita.

"Matatar me?"

Kafin ta buɗe baki mijin ya karɓe. "Wata tukunya ce a jikin salansa, yallaɓai. A cikinta akwai abu kamar saƙar zuma, shi ke tace gubar hayaƙi. Ɓarayi na sonta saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki."

"Kai makanike ne?"

"Injiniya ake ce mini."

"A kamfanin inshora yake aiki," Likita ta ce a gajiye. "Sunan, abokansa suka laƙaba masa saboda kallon motoci a waya."

Labarin gajere ne. Motarta 'yar ƙarama ce ja mai ƙofa biyu, irin masu zabura da an taɓa totur. Ranar Juma'a ta kai ta garejin Baba, tsohon makanikenta, aka canza mai da birki. Asabar da Lahadi tana bakin aiki a asibiti, motar na gida. Ranar Litinin ta tayar da ita ta ji tana ruri kamar janareta, wata fitila rawaya ta kama a gaban sitiyari, ga wari, ga nauyin tashi. Jiya Talata ta je sabunta takardu, motar ta faɗi gwajin hayaƙi, aka leƙa ƙasa aka ce matatar babu.

"Ba wanda ya taɓa motar nan sai tsohon," Injiniya ya ce, ya rubuta haka, ya sa hannu.

Oga, shugaban ofishin 'yan sandan, bai jira komai ba. Kafin ƙarfe goma an kawo Baba, kuma umarnin ya fito ta ƙofar ofis: gobe da safe kotu.

Baba na zaune a ɗakin tambaya, hannayensa baƙi ƙirin da mai bisa gwiwa.

"Shekara nawa kana wannan sana'a?" Sufeto ya tambaye shi.

"Talatin da ɗaya. Ko noti ɗaya ba a taɓa nema a hannuna ba."

"Ka taɓa salansar?"

"Ban taɓa ba. Ɗana, jiya mutumin nan ya tsaya tsakiyar gareji ya kira ni ɓarawo a gaban jama'a. Kafin yamma mutum uku sun ɗauke motocinsu. In na taka kotu gobe, ko an wanke ni, na gama yawo." Ya ɗago kai. "Ka leƙa ƙarƙashinta kawai. Ɓarawo yankewa yake ya gudu."

Sufeto ya sa aka hau da motar kan ramin wanki da ke bayan ofis. Ya sauka da tocila, ƙugu na ƙara, haƙori na sara, Saje na riƙe masa hula.

Babu alamar zarto. A gurbin matatar an ɗaura sabon bututu mai faɗi, yana ƙyalli. Notuka duk an shafa musu giris. Wata 'yar waya da ta rasa wurin zama an naɗe ta tsaf an ɗaure a gefe.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ya sace maka takalmi ya bar maka sabo?"

"Ban kai ga wannan sa'ar ba tukuna, yallaɓai."

A jikin bututun akwai 'yar takarda mai lambar wayar wani shagon walda.

Motar ofis ta ƙi tashi sai da aka tura. Suka isa shagon da rana tsaka, gumi sharkaf.

"Jar mota mai ƙofa biyu?" Mai walda ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban gane ta ba."

Sufeto ya miƙa masa hoton takardar a waya. "Wannan lambar ta maƙwabcinka ce?"

Mai walda ya ajiye tabarau ɗin aikinsa. "To, ranar Asabar ce. Amma wallahi ban saci komai ba! Mai motar da kansa ya kawo. Tsohuwar tukunyar ma shi ya sa a buhu ya jefa a but ɗin motar."

"Namiji?"

"Namiji, mai yawan bayani. Wai kamfani ya shaƙe motar, a buɗe mata maƙogwaro. Ya ce bututun da ya fi kowanne faɗi yake so. Na ce masa wannan ya yi wa ɗan injin nan yawa, ya ce in yi aikina."

"Sunansa?"

"Bai faɗa ba. Sauri yake zai koma wurin masu auna ƙarfin mota."

Wurin awon wani dogon ɗaki ne mai gangunan ƙarfe biyu masu juyawa a ƙasa, inda mota ke gudu a kai ba ta zuwa ko'ina. Sufeto ya kalle su ya ga aikinsa na yau sak. Matar da ke kula da na'urar ta jawo takardu biyu daga kwamfuta, duk da lambar jar motar.

"Sau biyu ya zo ranar Asabar. Da doki muke auna ƙarfin inji. Da safe doki ɗari da tamanin. Da yamma ɗari da tamanin da huɗu."

"Ke nan ta ƙaru?"

"A can sama, in inji na kuka kamar zai fashe. Wa ke tuƙi haka a cikin gari? Dubi wannan layin." Ta ɗora biro. "Wannan ƙarfin murɗawa ne, shi ke ɗaga ka daga danja, shi ke hawa da kai tudu. A ƙasa-ƙasa ya sauka. Ga na'urar injin ta rikice, tana neman abin da aka cire ba ta gani. Na gaya masa ya sayar da gida ya sayi ƙofa."

"Me ya ce?"

"Hoton huɗun ya ɗauka ya tura wa abokansa."

"Suna? Sa hannu?"

"Ba ma tambaya, ranka ya daɗe. Lambar mota kawai."

Sufeto ya ja tsaki har haƙorin ya amsa. Ya san mutumin sarai. Amma tara shaidu a jera musu mutane su nuna, aikin kwana biyu ne, ga Oga ya kira sau uku yana tambayar takardar tuhuma. Ya ninke takardun ya sa a aljihu.

Ƙarfe huɗu ya tara su a ofishinsa: Likita, Injiniya, da Baba a kan benci kusa da Saje. Ya kife takardun a kan tebur ya ɗora musu kofi.

"Likita, sai haƙuri," ya ce. "Na nuna wa masana aikin. Sun ce wanda ya yi shi jahili ne na ƙarshe."

Injiniya ya gyara zama.

"Sun ce ko mai facin taya ba zai sa wannan bututun ba. Wanda ya zaɓe shi bai san gaban inji da bayansa ba."

"To, ai ba lallai..." Injiniya ya fara, ya haɗiye.

"Motar ta mutu murus. Doki goma ta rage."

"Ƙarya ne!" Injiniya ya buga tebur. "Huɗu ta ƙaru! Ɗari da tamanin da huɗu!"



Sufeto ya ɗaga kofin a hankali, ya juya takardar. "Haka ne kuwa, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Wa ya gaya maka?"

Makullin ya daina kaɗawa a yatsa. Likita ta juyo gaba ɗaya ta zuba wa mijinta ido.

"Baban yara?"

"Zan mayar fa," ya ce, murya ta yi laushi. "Matatar tana nan a sito, bayan tsohon firij. Abokaina ne suka ishe ni da tsiya, wai ina jan motar mata. Na ɗauka sai wata mai zuwa za ki je sabunta takardu. Da kika kira ni daga wurin gwajin kina faɗa, sai bakina ya ce Baba."

"Bakinka ne kuma ya kai ka gareji ka yi ihu?" Sufeto ya tambaya. Ransa ya ɓaci sosai, bai kuma ɓoye ba. "Bakinka ne ya sa hannu a nan? Ba da bayanin ƙarya da sa a tsare mutum a banza. Saje, tafi da shi. A tura mutum ya ɗauko buhun."

Da za a wuce da shi ta gaban benci, Baba ya ɗaga hannu.

"Nawa ka ce ta ƙaru?"

"Huɗu," Injiniya ya ce, kansa a ƙasa.

Baba ya gyaɗa kai kawai.

Sufeto ya yaga takardar tuhumar, ya miƙa wa tsohon wayarsa da sifana biyu da aka karɓe a aljihunsa da safe. Ihun ɓarawo a gaban gareji guda aka yi shi, wankewar kuwa a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa.

Likita ta durƙusa gaban bencin, idonta ya kawo ruwa. "Baba, ka yafe mana. In kawo motar gobe ka mayar mini da matatar?"

Baba ya zura sifanunsa a aljihu ya miƙe da ƙyar.

"Kawo ta, 'yata," ya ce. "Ba sai kin bi layi ba. Wuri akwai yanzu."