Allon da Ya Ce Lafiya

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Injiniya ya ji muryar Yayansa ta abin sauraron da ke kunnensa, sai ƙarar gilashi ta biyo baya. Yana zaune a kujerar bayan mota a gindin benen, kwamfuta a cinya, gumi na ɗiga kan madannai. Rana tsaka ce. Yaya da Dogo suna sama cikin shagon gwal. Direba yana gaba, injin mota a kunne, sai kaɗa ƙafa yake.

"Ƙanena, yaya allo?" in ji Yaya.

"Kore ne, Yaya. Ku yi harkarku."

Shekara huɗu Injiniya ya yi a kamfanin tsaron da ke kula da shagon kafin a sallame shi. Kyamarorin shagon da ƙararrawarsa manhaja ɗaya ce ke tafiyar da su, ita kuwa tana zaune kan kwamfutocin haya can nesa, abin da 'yan sana'ar ke kira girgije. Shi da hannunsa ya rubuta ɗan shirin da ke duba lafiyarta. Duk minti ɗaya shirin zai aika tambaya, manhajar ta amsa: kyamara na aiki, ƙararrawa na aiki, ga lokaci. In amsa ta zo daidai, allon ofis ya nuna kore. In an taɓa wani abu, launi ya canza.

Ranar da aka kore shi an karɓe katinsa, aka manta da wata tsohuwar kalmar sirri. Da ita ya shiga yau. Ya kashe kyamara, ya kashe ƙararrawa, ya kwafi amsa ta ƙarshe mai kyau ya liƙa a hanya, ta yadda duk mai tambaya ita zai samu. Wayo kam ya yi shi, ba a hana shi ba.

Ba da son ransa ya zo ba. Yaya ne ya raine shi, ya sayar da babur ɗinsa ya kai shi makaranta. Da aka zo da maganar fashin, Injiniya cewa ya yi, "Ni ba zan riƙe ƙarfe ba."

"Wa ya ce ka riƙe bindiga? Idona za ka zama. Minti sha biyar, in shiga in fito."

"To. Muddin ina kallon allo, babu abin da zai same ka. Ko tari suka yi a ofis, zan gani."

A ofishin kamfanin, Mai Gilashi ce kan aiki, wadda Injiniya ya koya wa sana'ar tun ba ta san komai ba. Allo kore shar. Da wani ne, da sai ya ci gaba da shan shayinsa. Amma malaminta ya sha gaya mata, har ta haddace: launi na malalata ne, buɗe amsar ki karanta. Ta buɗe. Lokaci, sha biyu da minti huɗu. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Sha biyu da minti goma sha ɗaya.

"Oga, zo ka gani. Amsar shagon gwal ta tsaya wuri ɗaya."

"Ba kore ba ne?" in ji manajan, ko tashi bai yi ba.

"Kore ne, amma minti bakwai ke nan lokacinta bai motsa ba. Mai rai ba ya haka."

Ba ta jira izininsa ba. Ta bi ta bayan amsar ta tarar da kyamara a kashe, ta tashe ta. Hoto ya fito. Wani dogo ya take wuyan tsohon mai shago, wani na kwashe sarƙoƙi cikin jaka. Nan take ta danna ƙararrawar da ba ta kuka sai a caji ofis.

A sama, Dogo ya sake kai wa tsohon gindin bindiga.

"Baba, makullin sef! Kar ka sa in maimaita."

"Ƙyale shi haka," in ji Yaya. "Ƙanena, allo?"

"Kore."

"Ka tabbata? Jikina bai ba ni ba."

"Wallahi kore ne, Yaya. Kuna da sauran minti biyar."

Yana rufe baki idonsa ya faɗa kan kyamarar ƙofar benen. Wata 'yar fitila ja tana ƙiftawa a gindinta. Kan kyamarar ya juyo a hankali, ya tsaya daidai kan motarsu. Ya buɗe amsar da ke allonsa — sha biyu da minti huɗu. A nan ya gane abin da ya yi. Shirin da ke cinyarsa ma ta hanya ɗaya yake tambaya, ƙaryar da ya liƙa wa ofis ita yake karanta wa Yayansa tun ɗazu. Ramin da ya gina bai gina shi gajere ba.

"Yaya, ku fito! Ta kwaɓe — ku fito yanzu!"

Jiniya daga hagu. Jiniya daga dama. Dogo ne ya fara dirowa, jaka a kafaɗa, ya faɗa mota.

"Ja mu tafi!"

"Yaya fa?" Injiniya ya damƙi kafaɗar Direba. "Yana kan matakala, ku jira shi!"

"Kai ka sayar da mu, ɗan boko," in ji Dogo. Ya buɗe ƙofa ya hankaɗa shi waje da ƙafa, har da kwamfutar. Mota ta fece.

Yaya ya fito bakin ƙofa, bindiga a hannu, yana neman motar da ba ta nan.

"Ajiye makami!" in ji wani ɗan sanda.

Juyowa ya yi, wataƙila ƙanensa yake nema. Harbi uku. Ya zube kan matakalar ƙarshe.

Dogo da Direba ba su wuce mahaɗar titi ta biyu ba, motar 'yan sanda ta datse su, sarƙoƙi suka watse kan kwalta. Tsohon mai shago ya rasa ido ɗaya. Mai Gilashi kuwa, da ta matso da hoton ta ga fuskar wanda ke kwance gefen titi, cire gilashin ta yi ta kifa kai kan tebur.

Injiniya yana kife, gwiwar ɗan sanda a bayansa, ankwa a hannu. Taku biyar ne tsakaninsa da Yayansa. Abin sauraron yana nan a kunnensa, don haka shi kaɗai ya ji.

"Ƙanena... ka ce kore ne."

Numfashin Yaya ya ja sau biyu, ya tsaya.

Kwamfutar tana gefe a buɗe, fuskarta ta tsage amma ba ta mutu ba. Wani ɗan sanda ya sunkuya ya leƙa.

"Wannan me take cewa?"

Minti ya cika. Shirin ya aika tambayarsa kamar kullum, amsa ta dawo. Injiniya ya runtse ido, amma ya riga ya gani. Komai lafiya, sha biyu da minti huɗu.