Shirun Suwaiba a Hanyar Mafara

Suwaiba tana tsugune bayan rumbu tana tankaɗen garin dawa, amma kunnenta yana tsakar gida, inda mahaifinta Malam Sallau ke zaune da baƙuwa. Baƙuwar nan kuwa Hajiya Gimbiya ce, mahaifiyar Mujahid, saurayin da aka sa musu rana bayan kaka. Sai da aka tambayi gona, aka tambayi jikoki da gajiyar hanya daga Dosara, sannan Hajiya ta gyara zama.

"Malam, zancen makarantar nan ya kawo ni Maradun. An ce yaron nan ya yi wa yarinya alkawarin karatu. Yaro ne, bakinshi ya riga hankalinshi. Ni ban haifi ɗa don matarshi ta riƙa kwana wani gari ba."

"Hajiya, ni ma ban taɓa taka irin wuraren nan ba," in ji Malam. "Mu tahi mu gani da idonmu. Akwai kwaleji Bakura, akwai wata Mafara. In kin gani kin ce a'a, ita ma ta yarda, a bar zancen. Ba ni ɓata zumunci saboda takarda."

Rariya ta kusa suɓuce wa Suwaiba. A makon nan za a rufe karɓar ɗalibai, kuma ta san in aka ɗaura aure ba a shiga ba, zance ya mutu har abada. Ita karatun ungozoma take so, wanda ake yi a Mafara. Bakura kuwa zaɓin Malam ne, don ya ji an ce noma ake koyarwa.

Da la'asar Mujahid ya kira ta a waya.

"Kwantar da hankalinki, ni zan ja motar. Da Hajiya ta ga ɗakin kwanan ɗalibai, ta ga katanga da maigadi, za ta sauko."

"In ta tambaye ni fa?"

"Sai ki ba ta amsa mana."

"A gaban Hajiya? Kai in Baba ya yi maka magana, kana iya ɗaga kai?"

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Ranar Talata suka kama hanya su biyar, kuma uku daga cikinsu kunya ta ɗaure musu baki. Mujahid ba ya magana gaban surukinsa. Suwaiba ko tari ba ta yi gaban uwar mijinta. Inna Taibatu kuwa, mahaifiyar Suwaiba, ai ɗiyarta ta fari ce aka zo nema wa makaranta. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan", balle ta tsaya mata a gaban mutane.

A Bakura wani ma'aikaci ya zagaya da su. Ya nuna musu azuzuwa, da tarakta, da garken shanu. Nan Malam ya manta abin da ya kawo shi.

"Wanga sa ai ya fi ni cin daɗi," ya ce, yana shafa tozonsa. "Ni ba ku ɗaukar tsofaffi?"

Hajiya ba ta ko kalli wajen shanun ba. Idonta yana gindin wani mangwaro, inda samari da 'yan mata suka haɗa kai kan littafi ɗaya suna dariya. Ta taɓe baki, ta juyo.

"Ke ɗiyata, kin gani da idonki. A bar zancen karatun nan, ki zauna ɗakinki da rufin asiri. Ko ba haka ba?"

Kunya ta rufe Suwaiba. Ta dubi ƙasa. Ta saci kallon Mujahid, shi ma ƙasa yake kallo, hularsa a hannu. Ta dubi Inna, Inna ta kau da kai tana gyaran mayafi. Malam ya jira, ya sake jira.

"To, shirun budurwa yarda ne," ya ce. "Allah Ya sa haka ya fi alheri. Mu koma gida."

A mota Suwaiba ta ja hijabi ta rufe fuska. Hawaye ke zuba, tana cije leɓe don kada Hajiya da ke manne da ita ta ji. Duk shekarun da ta yi tana karatu bayan ta gama daka da wanke-wanke, ga shi da bakinta ta zubar, ba tare da ta ko buɗe shi ba. Ya Allah, ta riƙa cewa a ranta, Ka ba ni harshe ko na minti ɗaya ne.

Suka iso Mafara kasuwa ta cika, motocin hatsi da jakuna sun toshe hanya.

"Miƙe Maradun kawai," in ji Malam. "Ba sauran abin gani."

Mujahid ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ya ga kafaɗun Suwaiba suna rawa cikin hijabi. A karo na farko tun safe ya yi magana, murya can ƙasa.

"Baba — azahar ta yi. Akwai masallaci cikin kwalejin nan, ga ruwa kuma."

"Masallatan Mafara duk sun ƙare sai wanga?" in ji Hajiya.

"Salla ba ta zaɓen ƙofa, Hajiya," in ji Malam. "Shiga da mu."

Bayan salla, wata mata mai fara'a ta same su bakin famfo, ta ce ita ce Malama Balaraba, mai kula da ɗalibai mata. Ta ce tunda sun shigo, ba su fita ba su ga wuri ba. Hajiya ta bi ta don kada a ce ta yi rashin kirki, amma ta bi ta da bincike. Ta girgiza ƙofar ɗakin kwana ta ji ƙarfinta. Ta ɗanɗana ruwan randa. Ta leƙa tukunya a madafa ta ce miyar ba daddawa. Ta tambayi wa ke shiga bayan magariba, aka ce ko uban yarinya iyakarsa bakin ƙofa. 

Daga nan Malama ta buɗe ɗakin gwaji, maza suka tsaya a baranda. A kan gado ga mutum-mutumin roba, siffar mace mai tsohon ciki, ba ko ƙyalle a jikinta.

"A'uzubillahi!" Hajiya ta ja da baya. "Wannan za a nuna wa budurwa? Taibatu, kina gani?"

Kafin Malama ta yi bayani, Suwaiba ta zaro zanen da ta yi salla a kai daga jaka. Ta lulluɓe robar tun daga ƙirji har ƙafa, ta soke gefen zanen a hankali kamar mai gudun tada mara lafiya.

Malama ta dube ta. "Ƙanwata, ke ce mai son karatun? Me ya sa kike so?"

Shiru.

"Kin gani ko," in ji Hajiya. "Ba ta so. Tun a Bakura ta yarda. Mu tahi."

Har Hajiya ta kai bakin ƙofa, sai aka ji wata murya tana rawa.

"Suwaiba."

Kowa ya waiwaya. Malam ya leƙo daga baranda, baki buɗe. Inna Taibatu ce, ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

"Suwaiba, yi magana. Ni na ji kukanki tun daga Bakura. Na ajiye tawa kunyar, ki ajiye taki."

Suwaiba ta durƙusa. Ba ta iya fuskantar Hajiya ba, sai ta juya wajen Malama, kanta a ƙasa.

"Malama, bara ne. Yaya Ummulkhairi, ɗiyar Hajiya, ta daɗe tana naƙuda a Dosara, lokacin na je ziyara garin, ni ke ɗora mata ruwan zafi. Aka ce a kai ta asibiti, aka ce namiji ne ke aiki ranar, aka fasa. Da aka kai ta daga baya, ita ta tashi, jaririn bai zo da rai ba." Ta share hanci da bakin hijabi. "Na ji Hajiya tana kuka bayan ɗaki tana cewa, da mace ce a wurin da tun farko ta kai ta. Tun ranar nake son in zama macen nan. Ku yafe mini, ban yarda ba a Bakura. Kunya ce."

Fuskar Hajiya ta canza. Ta fice ta nufi mota. Suwaiba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tono ciwon uwar miji a gaban baƙuwa. Yanzu ba karatu kaɗai ba, auren ma ya tafi.

Ta fito ta tarar da Mujahid durƙushe cikin rana gaban mahaifiyarsa, ya cire takalma.

"Kai ka kitsa wannan, ko? Da azahar ɗinka."

"Ni ne, Hajiya. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. In kin ce a'a, ba ni tsallake maganarki. Amma na yi mata alkawari, kuma ba ni neman wata. Sai dai in zauna haka har ranar da za ki huce."

"Ka tsufa a zaure kenan."

"In kin ce haka, Hajiya."

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin gwajin. Malam ya matso, ya yi gyaran murya.

"To Hajiya, kin yi shiru. Mu ɗauka yarda ce?"

"Kai dai Malam ba ka daddara ba," ta ce, tana goge ido da gefen mayafi. "Yau shirun nan bai isa ya koya maka ba? Tambaye ni."

"To, na tambaye ki."

"Yarinyar da ta suturta roba, ba ta tona asirin mutum." Ta miƙa hannu ta ɗago Suwaiba. "Tashi, ɗiyata. Ciwon da kika taɓa, da ma bai warke ba. Ki yi karatunki. Amma duk Talata in na zo kasuwa sai na leƙo, kuma da daddawata zan zo, don wagga miya tasu ba ta riƙe mutum."

Suwaiba ta fashe da kuka a kafaɗarta. Inna Taibatu ta juya baya tana kallon katanga kamar ba ɗiyarta ba ce, sai dai mayafinta ya jiƙe.

Bayan kaka aka ɗaura aure, amarya ta koma aji da lalle a hannu. Inna ba ta sake kiran sunan nan ba har yau, kuma Suwaiba ba ta nema ba. Sau ɗayan nan ya ishe ta.

'Ya'yana, kunya ado ce, haƙuri kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma ku iyaye, in za ku zaɓa wa yaro inda rayuwarsa za ta dosa, kada ku tsaya ga katanga da ƙofa kaɗai. Ku ja shi gefe ku tambaye shi inda bakinsa zai iya buɗuwa, don ba kowane shiru ne yarda ba.