Jan Zare a Jikin Lamba

Saura awa ɗaya jirgi na biyu ya tashi aka kira Sufeto a filin jirgin sama. Kare ya shinshino hodar iblis a wani baƙin akwati, lambar da ke hannunsa kuwa sunan wata tsohuwa ne, mai jiran canjin jirgi zuwa aikin ido.

"Inna, akwatinki ne wannan?"

Ta shafa shi da tafin hannu. "Ɗan nan, nawa guntu ne, na ɗaura masa jan ƙyalle. Wannan ai sai a kwantar da ni ciki."

Sufeto ya karɓi takardar awon da aka ba ta a tashar farko. Kilo sha ɗaya. Ya sa aka ɗora baƙin akwatin a sikeli. Ashirin da uku.

Ya ɓare lambar a hankali. Gam ɗin ya yi sanyi, alamar an taɓa ɓare ta. Wani jan zare na manne a ciki.

Ya sauka wurin masu lodi. Shugabansu, wanda suke kira Dogo, yana share gumi.

"Wa ya taɓa kayan masu canjin jirgi?"

"Ba mai taɓa su, ranka ya daɗe. A rufe cikin kejin ƙarfe suke fitowa daga cikin jirgi, a rufe ake tura su wancan. Ko bel ɗin da ke zagayo wa fasinja da kaya ba sa hawa."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Sai dai in an buɗe kejin a sito."

Sito na ƙarshen baranda, inda ake ajiye kayan da ba mai su. A lungu ga guntun akwati da jan ƙyalle, ba lamba.

"Daga ina wannan?"

Mai sito ya buɗe littafi. "Kan bel na tsince shi, yallaɓai, yana ta zagaye shi kaɗai kamar maraya. Ga shi na rubuta."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Shekara nawa kana aikin nan?"

"Sha tara."

"Sha tara, amma ka manta kayan masu canjin jirgi ba sa hawa bel?"

Biro ya faɗi daga hannun mai sito.

"Masu hodar cewa suka yi in nemi sunan da ba za a zarga ba, in liƙa lambar a akwatinsu. Na gan ta ana ja mata hannu. Na ce wa zai binciki wannan?"

"Da ta sauka can aka kama ta fa?"



An fito da mai sito da ankwa daidai lokacin da ake miƙa wa tsohuwar akwatinta. Ta lalubo ƙyallen, ta juya wajen inuwar da ke kusa da ita, ashe shi ne, ta kama hannun rigarsa.

"Kai ka ajiye min? Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Aka wuce da mai sito yana kuka.